Yarin Filibi da 'Ya'yan Gidanmu

Kowace shekara, sa'ad da ajin baftisma ya kusa ƙarewa, dattawan ekkilisiya sukan zauna da masu neman baftisma ɗaya ɗaya su ji shaidarsu. Mun sha zama a irin wannan wuri. Idan aka tambayi saurayi ko budurwa yadda ya zama mai bin Yesu, amsar da muka fi ji ita ce, "Ai a gidan Kirista aka haife ni." Wani ya ce kakansa ne mai bishara na farko a ƙauyensu. Wata ta ce tun tana ƙarama take cikin ƙungiyar mawaƙa. Duk gaskiya suke faɗi, abin godiya ne kuwa. Amma ba su amsa tambayar da aka yi musu ba.

Ba mu ga laifin yaran sosai ba. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, yau kuwa akwai gidajen da bishara ta kai tsara ta huɗu a cikinsu. Masu bi na fari sun san abin da suka zaɓa, gama da yawa sun biya da tsada: an hana waɗansu gado, waɗansu surukai suka karɓe musu mata, waɗansu aka daina cin tuwo tare da su. Jikokinsu kuwa sun tashi sun tarar da suna irin na Littafi, da rigar Lahadi, da littafin waƙa a kan tebur. Ba wanda ya taɓa zaunar da su ya ce, kai fa?

Akwai wata aya da iyaye sukan jingina a kanta, wadda ke cikin Ayyukan Manzanni sura 16, inda aka yi wa yarin Filibi alkawarin ceto har da mutanen gidansa. Bari mu koma mu duba labarin a hankali, mu ga ko yana faɗin abin da muke sa shi ya faɗa.

Filibi birni ne a ƙasar Makidoniya, kangonsa yana nan har yau a arewacin ƙasar Girka. An raɗa masa sunan Sarki Filibus, uban Iskandari Mai Girma. A zamanin manzanni Romawa ne ke riƙe da shi, sun zaunar da tsofaffin sojojinsu a ciki, dokar Roma ce kuma ke aiki. Wajen shekara ta 50 bayan haihuwar Almasihu, Bulus ya iso can tare da Sila da Timoti. A bakin kogi suka fara wa'azi, Lidiya mai sayar da tufafin shunayya ta ba da gaskiya. Bayan haka Bulus ya fitar da aljani daga wata kuyanga wadda iyayengijinta ke cin riba da dubanta. Da hanyar kuɗinsu ta toshe, sai suka ja Bulus da Sila gaban mahukunta. Aka tuɓe su, aka yi musu dūka da sanduna, aka danƙa su ga yari. Shi kuwa ya kai su can ƙuryar kurkuku, ya sa ƙafafunsu a turu, ya tafi ya kwanta. Bai ko dubi raunukansu ba.

Da tsakar dare, suna addu'a suna waƙa, ƙasa ta girgiza, ƙofofi suka buɗe, sarƙoƙi suka kwance. Yari ya farka ya ga ƙofofi a buɗe, ya zare takobi zai kashe kansa. Ba hauka ba ne. Ya san abin da ake yi wa mai tsaron da fursuna ya kuɓuce masa. A sura 12 ma Hirudus ya sa an kashe masu gadin Bitrus a kan haka. Muryar Bulus ce ta tsai da shi, ya gaya masa ba wanda ya gudu.

To, a nan ne ya kamata mu tsaya. Ransa ya riga ya tsira, aikinsa ya tsira, fursunoni suna nan cif. Duk da haka sai ya sa aka kawo fitila, ya shiga yana rawar jiki, ya fāɗi gaban mutanen da ya ɗaure, yana tambayar abin da zai yi ya sami ceto. Ceto daga me kuma? Mutumin nan ya leƙa bakin kabari a daren, ya ga ba shi da abin da zai tsaya da shi a gaban Allah. Suka gaya masa ya dogara ga Ubangiji Yesu. Ba su ba shi jerin ayyuka ba, ba su ce ya fara gyara halinsa tukuna ya dawo ba.

Mutanen gidansa fa? Labarin ya ce an faɗa wa yari maganar Ubangiji, an kuma faɗa wa dukan waɗanda ke gidan. Kowa ya ji da kunnensa kafin a kai ga ruwan baftisma. Mun sani ekkilisiyoyinmu sun bambanta a kan baftismar jarirai, waɗansu suna yi sa'an nan yaro ya tabbatar da bakinsa in ya girma, waɗansu suna jira sai ya girma. Ba wannan gardama muke so mu tayar ba. A ko'ina cikinsu ana sauraron ranar da mutum zai ce da bakinsa, ni ma na gaskata.

Harshenmu yana da kalma mai kyau da za ta taimake mu, wato fansa. Kakanninmu sun san ta sarai, gama bauta ba ta daɗe da ƙarewa a ƙasar nan ba. Sai a 1936 doka ta hana ta ɗungum a Arewacin Nijeriya. A wancan zamani akwai abin da ake kira murgu: bawa ya tafi ya yi sana'arsa, amma yana kai wa ubangijinsa kuɗi a kai a kai. Yana yawo kamar ɗa, amma bawa ne. Fansa kuwa dabam take. An biya kuɗin gaba ɗaya a gaban shaidu, ubangijin dā ba shi da sauran iko a kansa.

Da yawa cikinmu murgu muke biya muna tsammani ceto ne. Muna zuwa sujada, muna ba da zakka da baiko, muna aikin gayya a gonar ekkilisiya, muna fata idan aka tara duka Allah zai ce ya isa. Mai irin wannan zuciya ba ya hutawa, gama bai san ranar da zai gama biya ba. Wasiƙar Bitrus ta fari, sura 1, ta nuna mana cewa abin da aka biya dominmu ba kuɗi ba ne, jinin Almasihu ne. Bashin zunubi ya fi ƙarfin bawa, sai wani ya biya masa. Yesu ya mutu a kan gicciye, ya tashi a rana ta uku, tashinsa kuwa shi ne shaidar cewa an karɓi biyan. Abin da ya rage ga mutum shi ne ya yarda shi bawan zunubi ne, ya tuba, ya amince da wanda ya fanshe shi, ya bi shi. Uba ba ya iya yi wa ɗansa wannan, kamar yadda ba ya iya shan magani a madadinsa.

Kada wani ya ce, tun da kyauta ce, sai in ɗaga hannu a taron farkawa in koma in ci gaba da halina. Dubi yarin. Mutumin da ya kulle su da raunukansu ya tafi barci, shi ne a daren nan ya ɗebo ruwa ya wanke raunukan, ya kai su gidansa ya sa musu abinci, alhali bai san abin da mahukunta za su ce da safe ba. Wankin raunukan bai saya masa ceto ba, amma da shi muka gane ya samu. Idan magidanci ya ce ya karɓi Yesu, matarsa ce za ta fara sani, sa'an nan wanda yake binsa bashi.

Akwai abu biyu da muke roƙon iyaye. Na fari, mu bar tura yara ajin baftisma don aure ya matso, ko don 'ya'yan maƙwabta sun shiga. Yaro mai ladabi zai haddace amsoshi duka don kada ya kunyata ubansa, a nutsar da shi a ruwa, ya fito yadda ya shiga, sa'an nan ya shekara talatin yana zaton ya gama da Allah. Wannan ya fi rashin baftisma hatsari.

Na biyu ya shafi waɗanda zuciyarsu ke damuwa don ba su iya faɗin rana da wata ba. Ba kowa ne ake ta da shi da girgizar ƙasa ba. Timoti, wanda yake cikin tafiyar nan ta Filibi, ya san Littattafai tun yana ɗan yaro, a hannun kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki. Amma da Bulus ya rubuta masa, ya yi maganar bangaskiyar da ke cikin Timoti kansa. Dattawa ba kwanan wata suke nema ba. Suna so su ji ga wa kake dogara yau.

Shawararmu ita ce, wani dare cikin watan nan, bayan an ci tuwo an yi addu'ar iyali, uba ko uwa su ba yara labarin yadda su kansu suka zo wurin Yesu. Mun lura yara da yawa sun san labarin Yusufu da na Daniyel, amma ba su taɓa jin na ubansu ba. A faɗa musu har da wuraren da aka yi tuntuɓe. Daga baya a kira kowane yaro shi kaɗai, ba a gaban ƙannensa ba, a tambaye shi a hankali. Idan ya ce bai tabbata ba tukuna, kada a yi masa faɗa, kada kuma a kai ƙararsa wurin fasto. A gode masa da ya faɗi gaskiya, a buɗe sura 16 a karanta tare da shi, a bar shi ya yi tambayoyinsa.