Wata Na Uku: Kada A Jira Sai Ciki Ya Fito

'Yan'uwa manoma, kowa ya san iri yakan tsira a ƙarƙashin ƙasa tun ido bai gan shi ba. Haka sha'anin ciki yake. A zagayen da muke yi wurin ƙungiyoyinmu na gama kai a Kawo, Malali da Unguwan Rimi, mun lura mata da yawa ba su zuwa awo sai ciki ya kai wata 5 ko 6. Wasu kunya ce ke hana su, musamman masu cikin fari. Wannan jinkiri kuwa yana da hatsari.

A ƙarshen wata na uku, watau mako na 12, tsawon ɗan tayi bai wuce santimita 5 zuwa 6 ba, kamar ɗan yatsa. Duk da haka an riga an ƙera shi. Yatsun hannu da na ƙafa sun rabu, farce ya soma fitowa, ƙoda ta fara yin fitsari. Zuciyarsa tana bugawa wajen sau 160 a minti ɗaya, kusan ninki biyu na ta uwarsa. Yana motsi, amma uwa ba za ta ji ba sai wajen mako na 16 zuwa 20. Abin da ta ci ko ta sha, ta mabiyiya da cibiya yake isa gare shi.

Ita uwa fa? Laulayi, tashin zuciya, kasala, yawan fitsari da nauyin nono duk na wannan lokaci ne. Ba lalaci ba ne, maigida ya sani. Ga yawancin mata abin yakan lafa bayan wata na uku. Kafin nan ta riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan, da wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, zogale da alayyafo.

A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara mai ciki ta je awo sau 8, na farko kafin mako na 12 ya wuce. A can za a gwada jininta, a ba ta maganin ƙarin jini ta riƙa sha kullum. Daga mako na 13 ake fara ba da Fansidar don rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Mu da ke noman lambu a bakin Kogin Kaduna mun san yawan sauronmu, saboda haka ta riƙa kwana cikin gidan sauro.

Yawancin ɓari a watanni ukun farko yake faruwa. In ta ga jini, ko ciwon mara mai tsanani, ko zazzaɓi, ko aman da ya hana ta riƙe ko ruwa, a kai ta Babban Asibitin Kawo ko Asibitin Barau Dikko ba tare da ɓata lokaci ba.

Maza, ga namu aikin. Kada mai ciki ta yi feshin maganin ƙwari, ko ta wanke tukunyar feshi. Ta bar burukutu da giya, da jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin da likita bai rubuta ba. A taronku na gaba, ku ware wani abu daga asusun ƙungiya don kuɗin motar zuwa awo. Rigakafi ya fi magani.