Yamushewar Yana Mai Tauri a kan Shimfiɗa Mai Taushi

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bayyana dalilin da ya sa yana mai tauri, wadda ke manne da abu mai taushi, takan yamushe in an matsa ta. Mun ari kalmar yana ne daga wadda kan kwanta bisa kunu in ya huce, gama duk wanda ya tura ta da ludayi ya ga abin da muke nufi.

Tun a 1744 Euler ya nuna cewa siririn sanda, in aka danna shi ta kai da gindi, gwamma ya lanƙwashe da ya gajarce. Ita ma yana haka take so, wato ta yi lanƙwasa guda babba, domin ƙananan lanƙwasa suna cin ƙarfi. Amma shimfiɗar da ke ƙarƙashinta ba ta yarda, saboda babbar lanƙwasa takan ja ta zuwa can ciki. Sai su yi sulhu a kan tazara guda tsakanin tudu da tudu.

Lissafi ya nuna tazarar nan tana bin kaurin yana kai tsaye: in kauri ya ninka, ita ma ta ninka. Tauri kuwa sai ya ninka sau 8 kafin tazara ta ninka sau 2. Alal misali, in yana ta fi shimfiɗa tauri sau 3,000, tazarar za ta kai kaurin yanar kamar sau 63, kuma matsi na kashi 1 cikin 400 na tsawonta ya isa ya ta da yamushewar. Wannan ƙanƙantar matsi ita ce ta daɗe tana damun injiniyoyi, tun ba masu ƙera bangon jirgin sama mai ɓargo mai taushi ba.

A 1998 Bowden da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard suka shafa zinariya mai kaurin nanomita 50 a kan robar silikon mai zafi. Da ta huce, robar ta fi zinariyar tsukewa, sai tudddai suka fito a jere. Daga nan aibi ya soma zama abin amfani. A 2004 aka nuna cewa auna tazarar ya isa a san taurin yanar da ta yi sirantar da ba a iya jan ta da na'ura. A 2006 kuma ƙungiyar Rogers a Jami'ar Illinois ta yamutsa siraran silikon da gangan, har ya zama ana miƙa su ba su karye ba.

Sai dai mu yi hattara da lissafin nan, don ƙaramin matsi kaɗai ya shafa. In matsi ya yi yawa, tuddai kan rikiɗa, wani kwari ya zurfafa na kusa da shi ya baje, har yanar ta naɗe. In kuwa mannewar ba ta da ƙarfi, sai yanar ta ɓamɓare ta yi bororo, daga nan tsagewa ba ta da nisa.