Su Wane Ne Ke Tare Da Ke A Ɗakin Tiyata?

Uwargida mai juna biyu, ba kowace haihuwa ce ke zuwa da sauƙi ba. Idan naƙuda ta yi tsawo, ko jariri ya kwanta a gicciye, ko jini ya ɓalle, likita kan yanke shawarar a ciro jaririn ta hanyar tiyata. Mata da yawa daga Karakkai, Bungudu da Tsafe sai a ranar da aka tura su Gusau suke fara ganin ɗakin tiyata, kuma tsoro kan sa dangi su ɓata lokaci kafin su sa hannu. Shi ya sa muka ga ya dace ki san mutanen da ke cikin ɗakin, da irin horon da suka sha.

Ban da likitan tiyata da mai ba da allurar kashe zafi, akwai ma'aikacin jinya na ɗakin tiyata. Sai mutum ya gama karatun jinya sannan yake ƙaro wannan ilimi, a makarantu irin ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, kuma Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ce ke ba shi lasisi.

Abu na farko da ake gwada ɗalibi a kai shi ne tsabta. Zai wanke hannu har gwiwar hannu na tsawon minti 2 zuwa 5, ya sa riga da safar hannu ba tare da ya taɓa bayansu ba. Dole ya iya aiki da tukunyar tururi da ke kashe ƙwayoyin cuta a jikin almakashi da sauran ƙarafa, a zafin digiri 121 na aƙalla minti 15, ko digiri 134 na minti 3. Idan wani kaya ya taɓa abin da ba a tsabtace ba, ko da ɗan gogawa ne, a ajiye shi a ɗauko wani.

Sai ƙirga. Wannan aiki yana kama da wasa, amma a ganinmu babu wanda ya fi shi nauyi. Kafin a fara, mutum biyu za su ƙirga ƙyallayen tsane jini, allurai da ƙarafa da babbar murya, a rubuta. Za a sake ƙirgawa kafin a ɗinke mahaifa, a kuma sake kafin a rufe ciki. In ƙyalle ɗaya ya ɓace, ba a rufewa sai an gano shi. Ana koya wa ɗalibi ya tsayar da likita, komai girmansa, idan lissafi bai cika ba.

A shekarar 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar bincike mai tambayoyi 19 da ake bi kafin a ba da allura, kafin a yanka, da kafin a fito da majiyyaci. Saboda haka kada ki ji haushi idan an yi ta tambayar sunanki da aikin da za a yi miki.

Ke ma da naki aikin. Idan an sa miki rana, ki daina cin abinci awa 6 kafin lokacin. Kada ki aske mara da reza a gida, domin ƙananan yanka na jawo ƙwayoyin cuta. Ki cire zobe, awarwaro da ɗan kunne, ki goge jan farce. Ki faɗi duk maganin da jikinki ba ya so, da na gargajiya da kika sha, ba za a yi miki faɗa ba.

Maigida, tun a lokacin awo ka san rukunin jinin matarka, ka tanadi 'yan uwa biyu da za su iya ba da jini, da motar da za ta kai ku Gusau ko da tsakar dare ne.