Tsutsar Zangarniyar Gero A Ƙasar Daura

Gero shi ne ƙarfin abinci a ƙasar Daura, daga Zango da Ɓaure har Sandamu da Mai'aduwa. To, akwai wata ƙaramar abokiyar gāba da ke shiga gona da dare, ba a cika lura da ɓarnarta da wuri ba.

Uwarta wata faɗa-wuta ce, watau irin malam-buɗe-littafin nan na dare. Turawa na kiranta Heliocheilus albipunctella. In ta buɗe fukafukai faɗinta kamar inci ɗaya ne. Launinta ƙasa-ƙasa ne, da ɗige-ɗigen fari a fukafukan gaba. Ana samunta a ƙasashen da ke gefen hamada, tun daga Senegal har Sudan. Da can ba ta dami kowa ba, sai bayan babban farin 1972 zuwa 1974 ta zama annoba.

Ga yadda take yi. Kamar wata guda bayan saukar damina sai ta fito daga ƙasa, ta zuba ƙwai a kan geron da ya fara fid da kai. Cikin 'yan kwanaki ƙwan ya ƙyanƙyashe. Tsutsar ta fi son gero a kan kowane abinci. Tana cin fure, tana yanke gindin tsaba, tana zagaya zangarniya tana barin sawu a murɗe. In ta ƙoshi sai ta sauka ta shige ƙasa, ta kwanta duk tsawon rani, sai wata damina. Sau ɗaya take haihuwa a shekara, don haka geron da ya fid da kai daidai lokacin fitowarta shi ya fi shan wuya, maiwa kuwa takan tsira.

Maganinta fa? Huɗar gona bayan girbi tana tono waɗanda suka kwanta, rana da tsuntsaye su gama da su. Tun 2006 kuma, ma'aikatan binciken gona na Maraɗi suke kiwon wani ɗan ƙaramin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor, suna rataye shi cikin ƙananan buhunan algarara kusa da gonaki. Shi ne ke harbin tsutsar, 'ya'yansa su cinye ta.

Saboda haka ya kamata manomi ya riƙa duba zangarniya tun tana ɗanya. In ya ga sawu a murɗe, ya gaya wa malamin gona da wuri.