FASHIN BAƘI: Yadda gishiri ke kashe gona a fadamun Wurno, Rabah da Goronyo

Wanda ya ratsa filayen noman rani na kwarin Rima a watan Maris ko Afrilu zai iya ganin wani farin ɓawo a gefen kunya ko a bakin magudana, kamar an barbaɗa gari. Manomi kan ce kanwa ta fito. A irin wannan wuri albasa kan tsumbure, bakin ganyen shinkafa ya ƙone, alhali ƙasa na jiƙe sharkaf. Abin da kan fara zuwa wa mai gona a rai shi ne ƙarin taki, kuma sau da yawa ƙarin takin ne ke ƙarasa shukar.

Daga ina gishirin yake fitowa?

Duk ruwan gulbi ko na rijiya yana ɗauke da gishiri narkakke, ko da harshe bai ji ba. Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984 a kan Gulbin Rima, an tsara ta ne don riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Da shi ake ban ruwa a Goronyo da ƙasa da ita, daga gare shi kuma birnin Sakkwato ke samun ruwan sha. A Wurno akwai tsohon shirin ban ruwa na madatsar Lugu, a fadamun Rabah kuwa da yawa sun dogara da rijiyoyin burtsatse da injin ja.

Mu yi lissafi. A ɗauka kowace lita tana ɗauke da rabin giram na gishiri, kuma hekta ɗaya ta shinkafa ta sha ruwa kubik mita 10,000 a kaka guda. An zuba wa hektar tan biyar na gishiri ke nan. Zafin rana zai ɗauke ruwan, gishirin ya zauna. Idan babu hanyar da zai bi ya fice, na bana zai hau kan na bara.

Mece ce ma'anar ƙarfin ayon?

Idan gishiri ya narke, yakan rabu zuwa ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki da ake kira ayon, wasu fozitif, wasu nagatif, kamar kawunan batir biyu. A 1921 masana biyu a Amurka, Gilbert Lewis da Merle Randall, suka fito da ma'aunin da ake kira ƙarfin ayon. Ma'aunin yana duba yawan ƙwayoyin, sannan ya ninka cajin kowace da kansa. Saboda haka sodiyam mai caji ɗaya nauyinsa ɗaya ne, kalsiyam mai caji biyu nauyinsa huɗu, alminiyam mai caji uku nauyinsa tara.

Duk matar da ta taɓa jefa alif a randar ruwan gulbi ta ga wannan ƙa'ida da idonta. Ƙwayoyin yumɓu suna da cajin nagatif, don haka suna ture juna, su yi ta yawo, ruwa ya zauna a gurɓace. Alminiyam ɗin da ke cikin alif yakan kashe wannan turereniya, yumɓu ya dunƙule ya kwanta a gindin randa. Da wannan dabarar matatun ruwan birane ke aiki.

Cuta biyu, magani biyu

A gona matsalar kala biyu ce, kuma rikita su yana jawo asara.

Ta farko ita ce yawan gishiri. Idan aka barbaɗa gishiri a yankakkiyar albasa, nan da nan za ta fara tsatso ruwa. Haka yake faruwa ga saiwa: ruwan ƙasa mai gishiri yakan hana ta sha, shuka ta mutu da ƙishi a cikin danshi. Ana auna wannan da na'urar gwada yadda ruwan ƙasa ke ɗaukar lantarki. Ƙasar da ta kai 4 a ma'aunin desisimen ana ƙirga ta mai gishiri. Alƙaluman da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke amfani da su sun nuna amfanin albasa yakan fara raguwa tun daga 1.2, na shinkafa daga 3, na alkama daga 6. Albasar da yankin ke taƙama da ita ce ke fara faɗuwa. Da yake yawancin takin zamani shi ma gishiri ne, ƙara shi a nan tamkar ƙara wa miyar da ta yi zartsi ne.

Ta biyu ta fi wuyar ganewa: yawan sodiyam a jikin yumɓu, irin wanda kanwa ke kawowa. Kalsiyam yakan riƙe ƙwayoyin yumɓu kusa da juna, ƙasa ta zama burtsi-burtsi, ruwa da iska su ratsa. Sodiyam riƙonsa sako-sako ne. Muddin ruwan ƙasar na da gishiri sosai, ƙarfin ayon kan danne turereniyar, matsalar ta ɓoye. Da ruwan sama mai tsabta ya sauka, ƙarfin ayon ya faɗi, sai yumɓun ya watse ya toshe ƙofofin ƙasa. Ruwa ya kwanta a sama kwana da kwanaki, in ya bushe ƙasar ta ƙame kamar daɓe. Wanke irin wannan gona da ruwa kaɗai yana iya ƙara lalata ta.

Maganin ta farko shi ne a wanke gishirin da isasshen ruwa, a kuma ba shi mafita. Ta biyu sai an fara zuba jibsam, dutse mai kalsiyam, domin ya ture sodiyam daga jikin yumɓu, sannan a wanke. Jibsam ba baƙo ba ne a Sakkwato: akwai shi a duwatsun yankin, kuma yana cikin kayan haɗa siminti irin wanda ake yi a Kalambaina. Takin gargajiya da ɓuntun shinkafa ma suna taimaka wa ƙasa ta saki jiki.

Tambayoyin da suka kamata

Dukkan magungunan biyu sun rataya a kan magudanar fitar da ruwa. Manomi ɗaya ba zai iya haƙa ta shi kaɗai ba, domin ruwan da ya wanke gonarsa gonar maƙwabci zai gangara. Aiki ne na Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, da ma'aikatar gona ta jiha, da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa.

Rabon taki yana da hoto da taro. Yashe lambatu ba shi da ko ɗaya. Saboda haka idan an gabatar da kasafin kuɗi, ko ɗan takara ya zo neman ƙuri'a da alƙawarin noman rani, matashi na da abin tambaya. Nawa aka ware wa magudanan fitar da ruwa, ban da na kawo shi? Yaushe aka yi gwajin ƙasa da na ruwan rijiyoyi na ƙarshe, kuma ina sakamakon? Malaman gona nawa ke da na'urar awon gishiri, wadda ke shiga aljihu? Jami'ar Usmanu Danfodiyo na da masana kimiyyar ƙasa a nan kusa. An haɗa su da manoman Wurno kuwa?

Gonar da gishiri ya cinye takan ɗauki shekaru kafin ta farfaɗo, iyalin da suka dogara da ita kuwa bashin bana ba ya jiran su.