Hoton Kusa: Yadda Ake Ɗaukar Kayan Gida Dab-da-Dab

Gishirin da ake barbaɗawa a miya, in aka matso da kyamara dab da shi, sai a ga ƙwayoyinsa kowace da fuska shida, a daddatse tsaf. Ido ba ya tsayawa ya ga haka. Kyamara kuwa tana tsayawa. Masu sana'ar suna kiran hoto makiro idan siffar abu ta faɗa cikin kyamara da girmansa na zahiri, ko fiye.

Tun kafin wayar hannu, gwanaye sun gane cewa ɗakin girki ma fagen aiki ne. A 1928 André Kertész, ɗan Hangare mazaunin Paris, ya ɗauki cokali mai yatsu jingine a bakin faranti, inuwarsa ta yi rabin aikin. A 1930 Ba'amurke Edward Weston ya saka tattasai guda cikin mazurarin ƙarfe don haske ya zagaye shi, sai ga hoto kamar bayan ɗan kokawa ya murɗe jiki. Irving Penn kuwa, a 1972, guntayen sigarin da aka yar a titi ya ɗauka, ya buga su manya-manya.

Wahalar aikin guda ce, amma babba. Gwargwadon matsowar kyamara, gwargwadon ƙuncin wurin da zai fito tar. Kan ashana zai fito ras, sandarsa ta dusashe, alhali tazararsu ba ta taka kara ta karya ba. Mai hoto sai ya tsuke ƙofar haske don ya faɗaɗa wurin. Da ya tsuke, haske ya ragu, dole kyamara ta daɗe a buɗe, numfashi kaɗai ya isa ya ɓata hoton. Shi ya sa ake kafa ta a kan ƙafa uku. Wasu kan ɗauki hotuna da dama, kowane da inda ya fito tar, su haɗe su a kwamfuta.

Filashi kai tsaye yana shafe komai. Hasken taga da ya zo ta gefe shi ke fito da saƙar faifai da zanen ƙwarya, kuma shi ya fi.

A 2021 iPhone 13 Pro ta zo da kyamara mai ɗauka daga santimita 2. Mai son gwadawa ya fara da goge abin da zai ɗauka da kuma gilashin wayarsa, musamman lokacin hunturu, domin ƙura tana fitowa ɓaro-ɓaro a irin wannan hoto.