Cire Mahaifa: A Bar Bakinta Ko A Haɗa Da Shi?



Idan ƙari ko yawan zubar jini ya sa likita ya ce sai an cire mahaifa, aikin iri biyu ne: ko a cire ta duka, ko a bar bakinta.

Barin bakin yakan rage tsawon tiyata da jinin da ake zubarwa. Amma fa sankara na iya kama shi daga baya, don haka gwaji bai ƙare ba. Wata ma takan riƙa ganin ɗan jini duk wata. In kuwa an riga an ga alamar sankara, duka ake cirewa.

Na san abin da ke ranki, Yaya: zaman aure. Binciken likitoci bai nuna bambanci tsakanin ayyukan biyu ta wannan fanni ba.

To ki auna: ga aikin damina, ga kuɗin mota, za ki juri komawa gwaji, ko da sai an tura ki Shika? In ba za ki iya ba, ki faɗa wa likita gaskiya. Kuma ki nemi a gwada bakin mahaifar kafin a yanke shawara.

Allah Ya ba mu lafiya.